Ƙarfe biyun dare da wasiƙun inshora

Tun ina ƙarama ba ni da nauyin barci. Motsin ƙofa kaɗan ya isa ya tashe ni, har mahaifiyarmu takan ce gidan da nake ba ya buƙatar maigadi. Amma ko na farka, juyi ɗaya nake yi in koma. Ban san rashin barci ciwo ne mai zaman kansa ba sai da na haura shekara 40, ina zaune a Amurka, ina aikin kula da tsofaffi a wani gidan jinya, ga ɗiya ɗaya 'yar shekara tara.

Mijina ya rasu a ƙarshen 2011. Ciwon zuciya ne, kuma cikin dare ya zo masa. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na ji numfashinsa ya sauya, na kunna fitila, na kira motar asibiti. Sauran labarin ba na iya ba da shi har yau. Abin da zan iya faɗa shi ne, jikina ya riƙe wannan lokacin ya ƙi saki. In kwanta ƙarfe goma, barci ya ɗauke ni lafiya lau, ƙarfe biyu na yi sai idona ya buɗe tarwai kamar an kira sunana. Daga nan sai juye-juye da lissafin kuɗin haya da tunanin yadda yarinyar nan za ta tashi ba uba, har gari ya waye.

Na yi wata biyar a haka ina cewa zai wuce. Ranar da na kai wa wata tsohuwa karin kumallon maƙwabciyarta, alhali ita ba ta iya haɗiye abu mai tauri, shugabar sashenmu ta ja ni gefe ta ce in je in ga likita tun kafin a yi abin da ba ya gyaruwa.

Likitan ya rubuta mini zolpidem, miligiram 10, ƙwaya ɗaya kafin kwanciya. Shi ne maganin da mutane suka fi sani da sunan Ambien. An amince da shi a Amurka a 1992, kuma a 2007 wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, wasu kamfanoni suka samu izinin yin irinsa. Irin waɗannan su ake kira jenerik: sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, sai dai suna da kwali su bambanta, kuɗinsu kuma ya yi ƙasa sosai. Inshorar da nake da ita ta wurin aiki ba ta ce uffan ba. Na miƙa kati a kantin magani, na biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na tafi. A lokacin ban ma san inshora tana da ta cewa a kan abin da likita ya rubuta ba.

Daren farko na yi barci har ƙarfe shida. Da na tashi na ga haske a taga, kuka na yi. Sai dai safiyar ba tawa ba ce. Kaina kamar an cusa auduga, in zuba ruwan shayi in manta ban saka ganye ba. Wata safiya ina kai yarinyar makaranta, na ji ta ƙwala ihu, "Mama! Mama!" Tayar mota ce take gogar bakin titi. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Na tsaya, hannuna yana rawa a kan sitiyari, ita kuma ta rungume jakarta tana kallona ba ta ƙifta ido. Ba ta ƙara cewa komai ba har muka isa, kuma wannan shirun nata ya fi ihun yi mini ciwo.

A Janairun 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa a rage wa mata adadin zolpidem daga miligiram 10 zuwa 5, saboda jikin mace ya fi na namiji jinkirin fitar da shi, har a wayi gari da sauransa a jini, wanda zai iya hana mutum tuƙi yadda ya kamata. Da na karanta sai na ji kamar da ni ake. Likita ya mayar da ni kan 5. Nauyin safe ya ragu, ƙarfe biyu kuma ta dawo da ƙarfinta.

Na ce masa, "Likita, ni fa kwanciya ba ta gagare ni ba. Tsakiyar dare ce matsalata. Ina shan magani ƙarfe goma don abin da zai same ni ƙarfe biyu." Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani sabon samfuri da aka amince da shi a ƙarshen 2011, ana kiransa Intermezzo. Zolpidem ɗin ne dai, amma ɗan kaɗan, miligiram 1.75 ga mata, 3.5 ga maza. Ba haɗiyewa ake yi ba, ƙarƙashin harshe ake sa shi ya narke. An yi shi ne don wanda ya farka tsakar dare ya kasa komawa, da sharaɗin akwai sauran awa huɗu kafin lokacin tashinsa. Tsohuwar ƙwayar kuwa, takardarta ta ce kada a sha sai mutum yana da awa bakwai zuwa takwas a gabansa. Daren da barci ya zarce kuma, ba sai an sha komai ba. Na yi lissafi a raina: biyu zuwa shida, awa huɗu cif.

Na tafi kantin magani da murnata. Matar da ke harhaɗa maganin, wata dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta ɗago ta ce inshora ta ƙi. Sai likita ya nemi izini tukuna. Na tambayi kuɗinsa idan zan biya daga aljihuna. Da ta faɗa sai na yi dariyar da ba ta daɗi ba, don kwali ɗaya ya fi abin da nake biya na tsohon a shekara guda.

Dattijuwar nan ce ta fara buɗe mini ido. Kantin ba cinkoso ranar, sai ta jingina da kanta ta yi mini bayani. Ta ce kowace inshora tana da jerin magungunan da take biya, an jera su hawa-hawa. Jenerik suna hawan ƙasa, kason mara lafiya a kansu kaɗan ne. Masu suna, wato na kamfanin da ya fara ƙirƙiro su, suna sama, wasu ma ba sa cikin jerin sam. In aka kawo sabon samfuri na maganin da jenerik ɗinsa yake kasuwa, tambayar farko da inshora take yi ita ce: me wannan yake yi wanda mai arahan ba ya yi? Ta ƙirga mini da yatsu yadda zolpidem ya yi ta sauya riga: mai sakin magani a hankali a 2005, na fesawa a baki a 2008, na ƙarƙashin harshe a 2009, sai wannan ɗan ƙaramin a 2011. Kowanne ya zo da nasa wa'adin kariya, ba wanda zai kwaikwaye shi sai wa'adin ya cika. Ta ce shi ya sa masu inshora suke kallon kowane sabon samfuri da ido ɗaya.

A ranar haushin maganarta na ji, na ɗauka kare su take yi. Daga baya na gane akwai ƙamshin gaskiya a wajensu. Da za a biya wa kowa mai tsada alhali mai araha zai yi masa aiki, mu ɗin ne za a ƙara wa kuɗin wata. Abin da ban yafe ba shi ne yadda suka sa ni tabbatar da cewa ni ba kowa ba ce, da wasiƙun da ba a rubuta su don mai hankali a gajiye ya fahimta ba.

Ofishin likita ya aika fom. Bayan kwana tara wasiƙa ta zo: an ƙi, saboda akwai magani mai sinadari iri ɗaya a jerinsu. Na kira lambar da ke bayan katina a lokacin hutun rana. Suka ajiye ni a layi da wani kiɗa mai maimaita kansa, hutuna ya ƙare ban samu kowa ba. Kashegari na samu wani saurayi mai ladabi, wanda ya karanta mini abin da ke cikin wasiƙar kalma bayan kalma. Na ce, "Ɗana, na iya karatu. Abin da nake tambaya, me kuke so in kawo?" Sai a nan ya ce dokarsu ita ce a gwada jenerik guda biyu su gaza kafin a duba mai suna. Wannan bayanin yana cikin wasiƙar ashe, a shafi na uku, da ƙananan haruffa.

Na biyun da likita ya zaɓa shi ne zaleplon, wanda ba ya daɗewa a jiki. Na yi wata guda a kansa. Ya bar ni da ciwon kai, ƙarfe biyu kuma tana nan daram. A watan nan ne na yi abin da ya sa nake rubuta wannan labarin.

Akwai ragowar zolpidem na miligiram 5 a durowata. Na ce a raina, tunda sun ce abu ɗaya ne, bari in yi wa kaina. Na sa wuƙa na raba ƙwaya, ta farfashe gida uku ba daidai ba, wani ɓangaren ma gari ya zama. Ƙarfe biyu da rabi na wani dare na haɗiye babban ɓarin, a kan wanda na riga na sha da zan kwanta. Da safe na ga saƙon yayata a waya: "Lafiya kuwa? Maganar da kika yi jiya ba ta da kai." Na duba, na ga na kira ta ƙarfe uku da minti goma, mun yi minti ashirin da biyu muna magana. Ko kalma ɗaya ban tuna ba. Da na kira ta, ta ce na yi ta tambayarta ko mijina ya iso wurinsu lafiya, wai in ya iso ta ce ya kira ni.

"Yaya, mafarki nake yi," na ce mata.

"Mafarki da waya a hannu? Ke dai ki gaya wa likitanki."

Na ce to. Ban gaya masa ba. Tsoro nake ji kada ya ce ba ni ba zolpidem kowane iri, wahalar wata uku ta tashi a banza. Na zubar da ɓararrakin ƙwayoyin, na rufe bakina. Na daɗe ina ba kaina uzuri cewa laifin haɗa magani biyu ne, kuma wataƙila haka ne. Amma ba ni ce ya kamata in yanke wannan hukuncin ba, ni da nake kwana gida ɗaya da yarinya da murhun gas da makullin mota a rataye bakin ƙofa.

Wata nas a wurin aikinmu ce ta nuna mini yadda ake ɗaukaka ƙara. Ta ce dokar lafiya ta 2010 ta ba ni kwana 180 daga ranar da aka ƙi in nemi su sake dubawa, su kuma kwana 30 gare su su ba da amsa a kan abin da ba a riga an karɓa ba. In sun sake ƙi, akwai masu dubawa na waje waɗanda ba ma'aikatansu ba ne, kuma hukuncinsu ya hau kan inshorar. Ta tambaye ni me likita ya rubuta a fom ɗin farko. Na nemi kwafi, na ga kalma biyu ce kacal a gurbin dalili: rashin barci. To wa zai biya mai tsada a kan wannan?

Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Sati uku ina rubuta lokacin kwanciya, lokacin farkawa, abin da na sha, da yadda safiya ta kasance. Na karɓo takardar tarihin magungunana daga kantin, mai ɗauke da ranakun da na karɓi kowanne. Na kai wa likita, na ce, "Likita, don Allah a wannan karon a rubuta musu labarin gaba ɗaya." Ya zauna ya rubuta shafi guda: cewa matsalata farkawar tsakar dare ce, cewa miligiram 10 ya sa na yi gyangyaɗi a kan sitiyari, 5 bai riƙe ni ba, zaleplon ya gaza daga rana kaza zuwa rana kaza, cewa ƙwayar haɗiya ba ta zuwa da ƙarfin 1.75, kuma takardarta ta hana shanta in ba sauran awa bakwai. Maganar wayar Yaya ba ta ciki, tunda bai sani ba.

Bayan sati uku suka amince. Na shekara ɗaya, a hawan da ya fi kowanne tsada, da ƙayyadadden adadi a wata. Wata biyar ke nan daga ranar da aka fara rubuta mini shi.

Kowace ƙwaya tana cikin 'yar jakarta ta daban. Umarnin ya ce a ajiye guda ɗaya tak a gefen gado, sauran a nesa, in an sha kuma a bar fankon jakar inda ido zai gan ta, don kada mutum ya farka cikin magagi ya ƙara wata. Da na karanta wannan sai gabana ya faɗi, don na san sarai wane irin magagi suke nufi. Daren farko na farka biyu saura, na duba agogo, na yaga jakar, na sa ƙwayar ƙarƙashin harshe. Kafin in gama tunanin ko zai yi aiki, agogon shida ya buga. Na tashi garau.

Ya taimake ni, ba zan ɓoye ba. Amma dokar awa huɗun nan ta zame mini wani sabon abin fargaba. In na farka biyu da rabi, lokaci ya ƙure, sai haƙuri. Sai na koma ina farkawa tun ƙarfe ɗaya don in duba ko lokacin bai wuce ba. Ga shi kason da nake biya yana cin kuɗin da na saba ajiyewa don takalma da littattafan yarinya.

Janairun 2014 wurin aikinmu ya sauya kamfanin inshora. Na je karɓar magani, dattijuwar ta danna kwamfuta, ta cire tabarau ta dube ni. Ba sai ta faɗa ba. Sabon kamfani, sabon jeri, izinin da na sha wuya a kansa ya tafi da tsohon kati. Na zauna a mota a bakin kantin na fi rabin awa, na rasa ƙarfin da zan sake farawa daga fom na ɗaya.

Da na koma wurin likita na ce na gaji, shi ne ya kawo maganar wata hanya da ba ta magani ba, wadda ake gyara ɗabi'un barci da tunanin da ke tare da su. Ya taɓa ambata ta tun farko, ni ce ban saurara ba, don a ganina wanda ke nutsewa ba darasin iyo yake nema ba. Inshorar ta biya wannan ba gardama, sai dai na jira wata biyu kafin in samu gurbi. Zama shida muka yi da wata ƙwararriya. Ta sa na juya fuskar agogo ga bango. Ta tsayar mini da lokacin tashi ɗaya, har ranar hutu. Ta rage mini awannin kwanciya, in kai sha biyu saura kafin in hau gado, abin da na ga kamar mugunta a satin farko. In na farka barci ya ƙi dawowa, in tashi in koma kujera a falo da ƙaramar fitila, sai na ji shi ya zo sannan in koma. A zama na huɗu ta tambaye ni me ya faru da ƙarfe biyu. Shekara biyu da rabi ina yawo tsakanin likita da kanti da inshora, ba fom ɗin da ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ba ta labarin daren, na jiƙa rabin kwalin tishunta. A 2016 ƙungiyar likitocin manya ta Amurka ta ba da shawarar a fara da wannan hanyar kafin magani ga masu daɗaɗɗen rashin barci. Ni na riga na shaida a jikina, ko da yake ba ta warkar da ni kakaf ba. Dare biyar cikin bakwai nake samu.

A Afrilun 2019 FDA ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan zolpidem da zaleplon da wani maganin barcin mai suna eszopiclone, saboda mutanen da suke tashi su yi tafiya, ko tuƙi, ko wasu abubuwa ba tare da sun farka sosai ba, har wasu suka ji munanan raunuka, wasu suka rasa rayukansu. Ta ce duk wanda irin haka ta taɓa samunsa bayan ya sha ɗaya daga cikinsu, kada a sake ba shi. Na karanta sau biyu a tsaye a kicin. A ganawarmu ta gaba na gaya wa likita labarin wayar Yaya, shekara shida bayan faruwarsa. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye biro ya ce, "Da kin faɗa mini a lokacin, da ban rubuta waccan wasiƙar ba." Ya shigar da shi cikin fayil ɗina. Kunyar da na ji ranar ta fi ta ranar da na goge bakin titi.

Annobar korona ta 2020 ta shiga gidan jinyarmu, muka rasa tsofaffin da na yi shekaru ina yi wa wanka da taje kai. Barcina ya sake watsewa, littafin rubutu da kujerar falo suka kasa riƙe shi. Likita ya ce a gwada suvorexant na ɗan lokaci. Wannan ba tsohon magani ne a sabuwar riga ba, wani iri ne daban da aka amince da shi a 2014, yana danne sinadarin da ke riƙe ƙwaƙwalwa a farke. Ya gargaɗe ni cewa shi ma takardarsa ta ambaci irin wannan tashin cikin barci, ya sa na yi alkawarin ko abu kaɗan na gani zan kira shi, ya kuma ce a sanar da ɗiyata ta sa ido. Inshora, kamar yadda na zata, ta ce a fara gwada zolpidem ko ɗan'uwansa. Likita ya rubuta musu layi uku, ya ce an haramta mini su saboda abin da ya faru a 2013. Kwana huɗu suka amince. Abin da na ɓoye don kada ya ɓata mini ƙara, shi ne ya buɗe ƙofar a wannan karon. Na yi wata huɗu ina sha, muka janye shi.

Yanzu ba na shan komai. Duk ƙarshen shekara, in aka buɗe lokacin zaɓen inshora a wurin aiki, jerin magunguna nake fara buɗewa kafin in dubi kuɗin wata, kuma abokan aiki sukan kawo mini wasiƙunsu in nuna musu shafi na uku. Ɗiyata ta gama jami'a, tana aiki a wani gari. Daren jiya na farka, ban duba agogo ba amma na san lokacin. Na ɗauki bargo na koma kujerar falo. Waya ta yi haske, saƙonta ne, ta fito daga aikin dare: "Mama, idonki biyu?" Na rubuta mata, "Biyu, amma da hankalina." Ta turo dariya, ta ce in je in kwanta. Na ɗan ƙara zama har hamma ta zo, sannan na kashe fitila.